Fitilun LED a Kan Ababen Hawa Masu Batir: Tambayoyi da Amsoshi Ga Masu Bin Hanyar Burji Daga Kano

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babura da A Daidaita Sahu masu aiki da batir suka fara ƙaruwa a Kano, kuma ba a kwalta kaɗai suke tsayawa ba. Akwai mai shiga gona da nasa ta wajen Kura da Kadawa, akwai mai ɗauko kaya daga ƙauye zuwa Dawanau tun kafin assalatu, akwai kuma 'yan tsirarun da suka shigo da manyan motocin lantarki masu shiga yashi da taɓo. Yawancinsu idan suka je wajen mai rewaya, magana ɗaya ce: "Oga, a ƙara mini haske." Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ya kamata a amsa kafin a yanke waya ko ɗaya.

Mene ne ainihin bambancin LED da ƙwan da muka saba da shi?

Ƙwan halojin, wanda ke cikin yawancin motocin da ke yawo a gari, siririyar waya ce a cikin gilashi. Wuta tana bi ta cikinta har ta yi ja ta koma fari saboda zafi. Mafi yawan wutar da yake sha a zafi take ƙarewa. Ƙwan halojin na fitilar gaba da ake kira H4 yana cin wat 60 a ful, wat 55 a dim, yana ba da haske kusan lumen (ma'aunin yawan haske) 1,650 da 1,000. LED kuwa ɗan ƙanƙanin sinadari ne da ke fitar da haske kai tsaye idan wuta ta ratsa shi, babu wayar da za ta ƙone ko ta tsinke. Mai kyau yana ba da lumen 100 ko fiye a kowane wat, halojin kuwa bai cika wuce 30 ba.

Ga mai bin hanyar burji, rashin wannan siririyar waya babbar riba ce, domin gargada ce ke kashe ƙwan halojin tun kwanansa bai ƙare ba.

Jan LED ya daɗe, tun 1962 Nick Holonyak ya yi shi a Amurka. Shuɗin ne ya gagari masana, har sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka cim masa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farin hasken da kake gani a fitilar mota shuɗin LED ne da aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa. Motar kasuwa ta farko da ta zo da dim na LED ita ce Lexus LS 600h a 2007.

Malam, fitila tana cinye cajin batir har tafiya ta ragu?

Ya danganta da girman batirin, kuma lissafin ba shi da wuya. Ninka wat da awa. Doguwar fitilar nan ta sanda, idan da gaske tana cin wat 120, ka kunna ta awa uku, ta sha wat-awa 360.

Ɗauki babur mai batirin bolt 72 da amfiya-awa 30. Duk abin da ke cikinsa wat-awa 2,160 ne. Ka ga fitilar nan kaɗai ta kwashe kashi ɗaya cikin shida na cajinka, kuma a hanyar yashi inda injin babur ke shan wuta fiye da kima, wannan kason shi ne zai iya zama bambanci tsakanin isa gida da tura babur. A Daidaita Sahu mai bolt 60 da amfiya-awa 100, abin ya sauka zuwa kashi shida cikin ɗari. A motar Hyundai Kona mai lantarki, irin wadda aka fara haɗawa a Najeriya a 2020, mai batirin kilowat-awa 64, ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba.

Saboda haka mai babbar mota kada ya damu da wannan. Mai babur ne ya kamata ya ƙirga kowane wat, kuma fitila mai wat 20 zuwa 30 da aka tsara da kyau ta ishe shi.

Zan iya jona fitilar kai tsaye a babban batir?

A nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan ɗan tsaya.

Abin hawa mai lantarki yana da wuta iri biyu. Akwai babban batir mai juya ƙafa, bolt 48 ko 60 ko 72 a babur da keke, wato A Daidaita Sahu, bolt 400 ko ma 800 a manyan motoci. Akwai kuma ƙaramar wuta ta bolt 12 da fitilu da ham da sigina ke amfani da ita. Tsakaninsu akwai wani ɗan akwati, kwanbata, mai sauko da wutar zuwa 12. Yawancin fitilun ƙari an yi su ne don bolt 9 zuwa 32. Ka ba su 72, nan take su mutu.

Akwai fitilun babur da aka rubuta musu 12 zuwa 80, mutum ya ga haka ya ce ai nawa 72 ne, ya shiga. To batirin litiyom da ake kira 72, irin wanda ya fi yawa, idan ya cika caji yana kaiwa 84. Fitilar tana iya yin sati tana aiki, ranar da ka cire daga caji ka kunna ta nan take, ta tafi.

Hanya ta biyu ta kuskure ta fi wannan ɓoyuwa. Keke mai baturan ruwa guda biyar da aka jera a jere, sai mai gyara ya ɗauki wutar 12 daga guda ɗaya a cikinsu. Fitila ta kama, kowa ya ji daɗi. Amma wannan batir ɗaya kullum ya fi 'yan uwansa sauka, caja kuma ba ta san da haka ba, tana cika su ne a dunƙule. Bayan 'yan watanni shi ya lalace, ya ja sauran. Mai keke ya ce an sayar masa da jabun batir, alhali fitilar ce sila.

Abin da ya dace shi ne a duba ƙarfin kwanbatan da ke jiki. Da yawa amfiya 10 ne, wato wat 120 gaba ɗaya, kuma fitilun asali da ham da sigina sun riga sun ci rabonsu. Idan babu sarari, a sa kwanbata na biyu na fitilun ƙari kaɗai, da fis a ɓangaren shigar wuta da wani a ɓangaren fita. Kada a bi da wutar babban batir ta ɗan makunnin da aka yi don bolt 12, domin tartsatsin wutar batir mai yawan bolt ba ya saurin mutuwa, yana iya narka makunnin.

A babbar mota kuwa, duk wayar da ka gani mai ruwan lemo ta babbar wuta ce. Tana kisa. Ba ta da alaƙa da aikin fitila, kada a taɓa ta.

Kwali ya ce lumen 20,000 da wat 200. Gaskiya ne?

Sau da yawa a'a, kuma kana iya ganewa a tsaye a shagon. Ka ce a jona ta a batir a sa mitar gwajin wuta. Idan ta nuna amfiya 2.5 a bolt 12, wat 30 ke nan. Ninka da 100, ka sami kusan lumen 3,000. Shi ne abin da za ka biya kuɗi a kai. Ka bar ta a kunne minti goma sha biyar ka sake dubawa, domin wasu suna farawa da ƙarfi, da sun ɗau zafi su sauka.

Ko da lambar gaskiya ce, lumen bai gaya maka abin da kake son sani ba. Lumen jimillar hasken da ke fita ne ta ko'ina. Abin da ya sauka a kan hanya a gabanka ana auna shi da lakas. Kamar injin ban ruwa ne: yawan ruwan da ya zuƙo daga rafi daban, wanda ya isa gindin shuka daban, kuma kwalbatin da aka gyara ne ke raba su. Kamfanonin kirki sukan rubuta nisan da fitilarsu ke kai lakas ɗaya, wannan lambar ta fi amfani.

Ka kuma san cewa haske yana raguwa da sauri. Idan nisa ya ninka biyu, hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mai son ganin ninkin nisan da yake gani yanzu, ƙarfin haske ninki huɗu yake bukata a tsakiyar fitilar.

Na sa ƙwan LED a tsohon gidan fitila. Haske kamar rana, amma ba na ganin nesa, kuma kowa yana dalle mini fitila. Me ya faru?

Kwanon da ke bayan ƙwai, wannan mai sheƙi, an lanƙwasa shi ne bisa lissafin cewa haske zai fito daga wuri ɗaya tak, wato daga siririyar wayar halojin, mai haskawa ta kowane gefe. Ƙwan LED na kasuwa yana da 'yan allunan haske a gefe biyu na wani ƙarfe mai kauri. Idan suka kauce daga inda wayar take ko da milimita ɗaya ko biyu ne, kwanon zai watsa hasken inda bai kamata ba. Wani ya tashi sama ya shiga idon mai tahowa, wani ya zube a gaban tayarka.

Wanda ya zube a gabanka shi ne ke yaudararka. Ƙasa ta yi fari fat a mita biyar zuwa goma, zuciya ta ce haske ya samu. Amma ƙwayar idonka tana tsukewa saboda wannan farin, sai ta kasa ɗaukar abin da ke can gaba cikin duhu, inda ramin yake, inda amalanken shanu mara fitila yake tafiya. A gudun kilomita 60 a awa kana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarka ta isa birki ka wuce mita 25. Hasken da ke mita goma bai yi maka komai ba.

Shi ya sa ƙasashen Turai suka daɗe suna hana irin wannan canji. Sai a 2020 Jamus ta amince da ƙwan LED na H7 na kamfanin Osram, shi ma ga wasu motoci da aka gwada ɗaya bayan ɗaya.

Idan da hali, a canja gidan fitilar gaba ɗaya da wanda aka ƙera don LED. Irin mai ƙwayar gilashi a gaba, wanda masu gyara ke kira furojekta, yana da wani ɗan ƙarfe a ciki mai yanke hasken a miƙe, sama duhu ƙasa haske. Idan dole sai ƙwai kaɗai za a canja, a nemi mai siririn ƙarfe wanda allunansa suka zauna daidai inda wayar halojin take, a juya shi su kalli hagu da dama, sannan a gwada a bango.

Fitila mai tsini ko mai faɗi, wacce zan saya?

Mai tsini tana tara haske wuri ɗaya ta jefa shi nesa. Mai faɗi tana shimfiɗa shi gefe da gefe. A hanyar gona mai lanƙwasa, wadda ba ka wuce gudun 30 ko 40, abin da zai same ka daga gefe yake fitowa: akuya, yaro a keke, bakin kwazazzabo, kututture. Mai faɗi ce taka. Mai tsini ta masu gudu ce a miƙaƙƙiyar hanya wadda babu kowa, kuma irin wannan hanya ba ta da yawa a kewayen Kano. A babur ma tana da wani aibi, hasken yana tsalle da kan babur a duk gargada har ido ya gaji.

A ina ya fi dacewa a ɗaura fitilar ƙari, sama ko ƙasa?

Hotunan motocin hamada sun sa kowa yana son sanda a kan rufi. A sararin da iska take tas, tana da amfaninta, tana leƙa bayan tudu. Amma mu ƙasar ƙura muke. Daga Nuwamba zuwa Maris ga hazo, sauran watannin rani kuma duk motar da ta wuce ka a burji sai ta bar maka gajimare.

Ƙwayar ƙura tana mayar da haske inda ya fito. Idan fitila tana kusa da layin idonka, kamar a saman gilashi, hasken zai bugi ƙurar da ke gaban fuskarka ya dawo maka, ka ga farin bango kawai. Idan tana ƙasa, wajen bamba, hasken yana bi ta ƙarƙashin layin ganinka, abin da ke dawowa idonka kaɗan ne. Fitilar ƙasa tana da wata fa'ida kuma: tana sa rami da tudu su yi inuwa, ka gane zurfinsu. Hasken sama yana shafe inuwar, hanya ta yi kamar shimfiɗaɗɗiya alhali ba haka take ba.

Wanda ya nace sai ya sa ta rufi, ya ja ta baya yadda ba za ta haska bonet ba, ya ba ta makunninta daban, ya kashe ta da zarar ƙura ta tashi. A cikin ƙura mai kauri ko ful ɗin mota kashe shi ake yi a koma dim, a rage gudu.

Fari ko ruwan ɗorawa?

Launin haske ana auna shi da kelbin. Halojin yana wajen 3,200, fari mai ɗan ja. LED na kasuwa yawanci 6,000 zuwa 6,500 ne, fari mai shuɗi-shuɗi. Matasa sun fi son wannan don ya fi ɗaukar ido, amma ƙarin shuɗi ba ƙarin gani ba ne, kuma shi ya fi damun ido idan ya dawo daga ƙura ko ya fito daga motar da ke tahowa.

Ruwan ɗorawa ba ya huda ƙura kamar yadda ake faɗa. Ƙurar tana tare shi kamar yadda take tare fari. Abin da yake yi shi ne rage wa ido wahala, mutum ya daɗe yana tuƙi bai ji idonsa na yaji ba. Faransa ta wajabta fitilun gaba masu ruwan ɗorawa tun shekarun 1930 har zuwa 1993. A ganina, babbar fitila ta zama fara mai kelbin 4,300 zuwa 5,000, ƙananan biyu na ƙasa su zama ruwan ɗorawa.

An ce LED ba ya zafi. To me ya kawo fanka a bayansa?

Yana zafi. Fiye da rabin wutar da yake sha zafi take zama, sai dai ta baya yake fitar da shi, gilashin gaba ya zauna da sanyi. Wannan zafin idan bai fita ba, hasken yana raguwa, launin ya canja, ɗan allon da ke daidaita wutar ya ƙone. Galibi shi ne ke fara mutuwa kafin LED ɗin kansa. Awa 30,000 ko 50,000 da ake rubutawa a kwali lissafin wanda ya samu sanyi ne.

A Kano watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, da dare ma ƙarfe bai gama hucewa ba. Abin hawa mai batir yana da sauƙi ɗaya, babu injin fetur da ke gasa bayan fitila. Amma tafiyar yashi a hankali take, iskar da za ta fifita fitilar kaɗan ce.

Fanka tana aiki a ƙasar da babu ƙura. A nan tana zuƙar ƙura har ta cije, kuma ba za ka sani ba sai haske ya dushe. Mafi muni, wasu masu gyara suna cire murfin robar bayan gidan fitila don fankar ta samu wuri, ƙura ta shiga ta kwanta a kan kwano, kuma kwanon ba ya gyaruwa idan aka goge shi. Ga hanyar burji na fi son fitila mara fanka, mai jikin alminiyam mai haƙarƙari da nauyi a hannu. A riƙa wanke taɓon da ke toshe tsakanin haƙarƙarin.

Mece ce IP67 da ake rubutawa?

Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Shida ita ce ƙarshe a ƙura, ba ta shiga sam. Bakwai tana nufin fitilar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IP68 ta fi haka jurewa, IP69K kuma an gwada ta da ruwan zafi mai feshin ƙarfi irin na wajen wankin mota. Kada ka sayi abin da lambarsa ta farko ta gaza 6.

Fitilar kirki tana da ɗan hancin numfashi a baya, mai barin iska ta wuce ya tare ruwa. Idan babu shi, fitila mai zafi da ta faɗa ruwan watan Agusta tana hucewa farat ɗaya, iskar ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta gefen roba ko ta cikin waya. Ɗan raɓa da ke bushewa bayan an kunna fitila ba matsala ba ne. Ruwa kwance a ƙasan gilashi matsala ne.

Yaya zan saita fitila da kaina?

Nemi fili mai daidai da bango, bayan magariba. Tayoyi su kasance da iskarsu, direba yana zaune, kaya kuma irin wanda aka saba ɗauka. Matsa har gaban bango, ka yi alama daidai tsayin tsakiyar fitilar. Ja baya a miƙe mita 10, ka kunna dim. Layin da haske ya yanke ya kamata ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar, wato kashi ɗaya cikin ɗari. A jikin gidan fitilar motoci da yawa za ka ga an buga lambar, 1.0% ko 1.2%. Mota mai tsayi tana bukatar saukarwa fiye da haka. Akwai sukurori biyu a baya, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama.

Masu keke su lura da kyau. Buhu huɗu a baya suna danne gindin keke su ɗaga hancinsa, fitilar da ke daidai da safe ta koma cikin idon jama'a da dare.

Motata daga Japan ko Ingila ta zo, an juya sitiyari. Akwai matsala a fitilar?

Akwai. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Dim ɗin motar da aka yi don irin hanyarmu yana ɗan ɗagawa ta dama, don ya haska mai tafiya a ƙafa da allon hanya, ya kwanta ta hagu inda masu tahowa suke. Ta Japan da Ingila akasin haka take. Juya sitiyari bai juya fitila ba. A bango za ka gani: idan layin ya hau ta hagu, gidan fitilar na canji ne.

Zan iya kunna sandar fitila a cikin gari?

Kada ka kunna. Fitilar ƙari ba ta da layin yankewa, duk wanda ke gabanka cikin idonsa take. A titin Zariya ko titin Katsina da dare, mai keken da ka kashe wa ido yana ɗauke da mata da yara, kuma bayan ka wuce sai ya yi daƙiƙoƙi kafin ganinsa ya dawo, yana tafiya a makance. Dattawa sun fi daɗewa kafin idonsu ya washe. Ni wannan ya fi damuna a kan duk sauran abin da ke shafin nan, domin wanda ya sa fitilar ba shi ne ke faɗawa kwata ba.

Laifin fitila yana cikin abin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke kamawa, kuma a cikin gari ga 'yan KAROTA. Fitila mai walƙiyar ja da shuɗi ta jami'an tsaro da motar asibiti ce. A gaba fari ko ruwan ɗorawa, a baya ja. Mafi kyawun haɗi shi ne a bi da fitilar ƙari ta rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, yadda ba za ta kama ba sai an sa ful, da an koma dim ta mutu da kanta. A kwalta kuma a rufe ta da murfinta.

A ƙauye ma haka. Idan ka doso gari, mutane na zaune a ƙofar gida ko wajen mai shayi, ka koma dim tun daga nesa. Garken shanu idan ka dalle su suna iya tsayawa cak ko su watse su yo kanka.

Tunda abin hawan ba ya ƙara, fitila tana da wani aiki na daban?

Tana da shi. Mutumin karkara da kunne yake sanin babur na zuwa. Mai batir ba ya ba shi wannan gargaɗin. Turai ta ga haka, tun Yulin 2019 ta wajabta wa sabbin samfuran motocin lantarki na'urar da ke yin ƙara idan suna tafiya a hankali. Yawancin babura da kekunan da ke shigowa nan ba su da ita. Don haka ka bar dim ko ƙaramar fitilar rana a kunne ko da rana ne, musamman ranar hazo, wat kaɗan take ci. Ka kuma kula da jar fitilar baya fiye da yadda aka saba. A cikin ƙurar da kai ka tayar, ita kaɗai mai bin ka yake gani.

Ina kunna fitila rediyo ya fara shuu. Me ya haɗa su?

Allon da ke daidaita wutar LED yana kunnawa da kashewa dubban sau a daƙiƙa. Mai arha ba shi da abin tace wannan hayaniya, sai ta bi waya ta shiga tashar FM. A raba wayar fitila da ta eriya, a gajarta ta, a maƙala mata zoben ferait, mai tace wannan hayaniya, kusa da fitilar. Idan bai daina ba, fitilar ce za a canja.

Fitilun nan masu kauce wa mota da kansu fa?

Audi ta fito da su a 2013 a motar A8. LED ne da yawa, kowanne da makunninsa, da kyamara mai hango motar da ke tahowa ta kashe waɗanda ke kallonta kaɗai, sauran hanya ta zauna a ful. Amurka ba ta ba su izini ba sai 2022. Suna da kyau ƙwarai a kwalta. A hanyarmu ta ƙauye kyamarar fitila take nema, mai keke ko amalanken da babu fitila ba lallai ta gan shi ba, kuma ƙura tana rufe mata ido. Wanda motarsa ke da ita ya koyi yadda ake mayar da ita hannu. Idan ta fashe kuma, gaba ɗaya ake canja ta, da tsada.

Gilashin fitilata ya yi ja ya dushe. A goge da man goge baki?

Yawancinsu roba ce mai tauri, an shafe ta da wani siririn rufi mai kare ta daga rana. Rana tana cinye rufin, ƙura tana karce shi. Gogewa tana sa ta yi haske na ɗan lokaci, amma ta ƙarasa cire rufin, bayan wata biyu ko uku ta fi da muni. Idan an goge, a sake fesa mata rufin kariya. Kada a sa fetur ko tina, suna tsattsaga ta. Kada kuma a share busasshiyar ƙura da tsumma, a fara zuba ruwa.

Datti a kan fitila mai ƙarfi yana watsa haske sama. Saboda haka ne dokar Turai ta ce dim ɗin da ya wuce lumen 2,000 sai da abin wanke gilashi da abin daidaita tsayi da kansa. Mu da ba mu da waɗannan, gorar ruwa a cikin keke ta wadatar, a wanke kafin a kama hanyar dare.

Idan na shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, me zan duba?

Kafin ka fita, rubuta bolt ɗin batirinka idan ya cika, da amfiyar kwanbatanka. A shago ɗauki fitilar ka ji nauyinta, ka duba kaurin wayarta, ka kankare bakin wayar ka ga ko tagulla ce ko alminiyam da aka shafa wa ja. Duba ƙafar da ake ɗaure ta da ita, domin a burji ƙafar ce ke fara karyewa, siririn ƙarfe ba ya kai damina. Alamar E a cikin da'ira ta Turai ce, DOT ko SAE ta Amurka, amma ana buga su a jabu, don haka kada su hana ka gwaji. Ka sa a kunna, a haska bango daga nesa. Idan dim ce, ka nemi layi a miƙe. Idan ta ƙari ce, ka nemi haske mai laushi wanda babu tabo-tabon duhu a ciki. Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan mai rewaya ya sa fis kusa da inda ya ɗauki wuta, ya bi da waya nesa da inda ƙarfe ke gugarta, ya rufe mahaɗa da robar da ke tsukewa da zafi maimakon salatif. Ka kuma ce ya bar fitilar asali a kan layinta daban, yadda idan fis ɗin fitilar ƙari ya ƙone a daji za ka iya ƙarasawa da ita.